Kowa Abuja yake nema, wa zai je ɗakin yara?

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Suleja da kewaye da ke karatu a Minna, Lapai, Gwagwalada, Keffi, Zariya da Kano.

Lokacin karɓar takardar fita koyon aiki ya sake zagayowa, kuma kamar kullum hirar ɗaya ce a ko'ina: wa ya san wani a Abuja? Wannan ya tura wa kawunsa takarda ya kai masa Sakateriyar Tarayya, wancan yana jiran kiran yaron wani ɗan majalisa. Mu 'yan Suleja abin ya fi kama mu, domin Abujar a bakin ƙofarmu take. Ka tashi da asuba, ka bi motar Zuba, ka sha cunkoson hanyar Kubwa, ka isa ofis a nuna maka kujera kusa da injin fotokwafi. Wata shida kana nan. Aikinka biyu ne, sayo wa oga abinci da kai fayil hawa na uku. Ranar da aka ce sufabaiza yana tafe, sai a kwana ana cika log-buk ɗin wata shida, da biro kala biyu don kada a gane. Kowa ya san haka ake yi, har malaman ma sun sani.

Akwai wani wuri da ban taɓa jin ɗayanmu ya rubuta a takardarsa ba, kuma shi na zo in yi magana a kai: ɗakin kwantar da yara na asibiti. Ɗaliban likitanci da na aikin jinya dama dole su bi ta can, ba da su nake ba. Ina magana ne da masu karanta ilimin halayyar ɗan Adam, da masu soshiyal wak, da masu NCE ko digiri a fannin tarbiyyar ƙananan yara, da masu nasiha da jagoranci, da masu koyar da yara masu buƙata ta musamman. Wasunku SIWES kuke fita, wasu fil-wak, wasu TP, sunan ne kawai ya bambanta.

A Amurka da Kanada akwai sana'a sukutum da suke kira cayil laif. A Ingila suna da makamanciyarta, su kuma suna danganta ta da wasa. Ni dai a Hausa na fi son in ce mai rakiyar yaro a asibiti, domin aikin ke nan. Ba ya rubuta magani, ba ya riƙe allura. Shi ne wanda zai zauna da yaro kafin a shiga da shi tiyata ya nuna masa, a jikin 'yar tsana, inda za a sa masa abin shaƙa da abin da zai gani in ya farka. Shi ne zai tsaya ta wajen kan yaro lokacin da ake neman jijiya, yana sa shi hura balan-balan ko ƙirga wani abu a bango, ya kuma nuna wa uwa yadda za ta rungume ɗanta a cinya maimakon a danne shi a gado. Shi ne zai lura cewa yarinyar gado na shida ta daina magana tun ranar da aka fitar da gawar maƙwabciyarta a gabanta. In an kwantar da yaro wata biyu, shi zai tuna cewa ɗan aji huɗu ne kuma ana jarrabawa.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A 1952 wani Bature ɗan Birtaniya, James Robertson, ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar kwana takwas a asibiti ba tare da uwarta ba, domin a lokacin asibitocinsu ba sa barin iyaye su zauna, ziyara ma ƙayyade take. Fim ɗin ya nuna yadda yarinyar ta tashi daga kuka zuwa shiru, kuma shirun nan da ma'aikata ke ɗauka ta saba ne, ashe ta yanke ƙauna ne. An yi ta cece-kuce, har a 1959 wani kwamiti na gwamnatinsu, wanda aka fi sani da sunan shugabansa Platt, ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa zuwa kowane lokaci, uwar ƙaramin yaro kuma ta kwana da shi. A Amurka kuwa, a 1955 Dakta Frederick Robbins, wanda ya samu kyautar Nobel a 1954 kan binciken ƙwayar cutar shan-inna, ya gayyaci wata malamar yara 'yar asalin Ostiriya mai suna Emma Plank ta kafa sashen kula da rayuwa da karatun yaran da ke doguwar jinya a asibitin birnin Cleveland. Daga irin waɗannan wurare aikin ya yi jijiya, a 1982 suka kafa ƙungiyarsu, wadda yanzu ake kira ACLP.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke horar da ɗalibi. Bayan digiri da wasu kwasa-kwasai kan girman yaro, da wasa, da zamantakewar iyali, da mutuwa da rashi, sai ka yi awa 600 a asibiti a ƙarƙashin wanda ya riga ya samu shaidar ƙwarewa kuma ya yi aƙalla awa 4,000 yana aikin da albashi. Bayan nan ka zauna jarrabawa. Awa 600 ɗin nan, in kana yin awa 40 a mako, mako 15 ke nan. Akasari kuma ba a biyan ɗalibi ko sisi, gurbin ma sai an yi kokawa, mutum ya bar garinsu ya kama haya a wata jiha da kuɗin aljihunsa. Su kansu suna kukan cewa tsarin ya fi dacewa da 'ya'yan masu hali. Saboda haka wanda ya ga hoton ɗaki mai fenti da kayan wasa a intanet ya fara mafarkin biza, ya ɗan sassauta.

To amma ku yi lissafin nan tare da ni. Wata shida na SIWES mako 24 ne. Ko awa 25 kawai kake yi a mako, wato awa biyar kullum daga Litinin zuwa Juma'a, 24 sau 25 ya ba ka 600 cif. Awannin da Ba'amurke ke cin bashi ya samu, mu tsarin karatunmu ya ba mu su tun 1973 da Hukumar ITF ta ƙirƙiro SIWES, muna ƙarar da su a gefen injin fotokwafi. Abin da muka rasa shi ne mai duba mu. Zan dawo kan wannan, domin nan gizo ke saƙa.

Bari mu fara duba ɗakin yaran namu tukuna. Abin da Turawa suka yi shekaru suna faɗa a kai, wato a bar uwa ta kwana da ɗanta, mu muna da shi tun fil azal. Babu yaron da ake kwantarwa ba majinyaci. Sai dai wane aiki majinyaciyar take yi? Ita ce mai zuwa yankar kati, ita ce mai kai jini lab, ita ce mai fita kemis na bakin ƙofa sayo ruwan dirif da kanula da safar hannu, ita ce mai kiran dangi a waya ana neman wanda jininsa ya dace. Tana goye da ƙanin maras lafiyar, hankalinta kuma na kan ukun da ta bari a Kwamba ko Madalla wajen maƙwabta. Sau da yawa lokacin da za a yi wa yaro abin da ya fi tsoro, ko dai ba ta nan, ko kuma ita za a ce wa "Maman yaro, riƙe mana ƙafafunsa." Nas ɗaya ko biyu na fama da gadaje fal. Ba mugunta ba ce ta hana su tsayawa su yi wa yaro bayani, mai jiran jini a gadon gaba ne ba zai jira ba.

Mu kuma a gida mun riga mun gama ɓata lamarin tun kafin yaro ya ga ƙofar asibiti. "In ba ka yi shiru ba zan kira likita ya yi maka allura." Wa bai ji wannan ba? Mun mayar da mai farin kaya dodo, sannan ranar da zazzaɓi ya kama yaro mu ɗauke shi mu miƙa wa dodon, muna mamakin yana ihu. A can kuma sai ƙarya ta biyu: "Ba zafi, wallahi ba zafi." Allura ta shiga, zafi ya zo, yaro ya koyi darasi ɗaya, cewa babba yakan rantse a kan ƙarya. Gobe in ka ce masa wannan maganin sha ne kawai, me zai sa ya yarda? In namiji ne a ƙara masa da "haba, namiji da kuka?" yana ɗan shekara huɗu.

Wannan ba ma sai mun je Cleveland ba. A cikin hadisan da Abu Dawuda ya ruwaito akwai labarin matar da ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ya kuma sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Akwai kuma labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda Annabi (SAW) yakan tsaya ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsunsa. Damuwar ƙaramin yaro abar tsayawa a kai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a takardar da ta fitar a 2015 kan rage zafin allurar rigakafi, abin da ta ce ke nan: kada a yi wa yaro alkawarin ƙarya cewa ba zai ji komai ba, a bar mai kula da shi a wurin, a riƙe jariri a jiki, a ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita, ƙananan yara kuma a ɗauke musu hankali da wasa ko hira. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin kwabo.

Na san amsar da wasu za su bayar, domin na sha jin ta a hira: "Malam, asibitin da ba magani, ba wuta, wani lokaci ba gado, kai wasa ne ya dame ka?" Tambaya ce mai nauyi kuma ba na raina ta. In aka ce in zaɓa tsakanin jakar jini da balan-balan, ko mahaukaci ya san abin da zai ɗauka. Sai dai ba wanda ya ce a zaɓa. Ɗalibin saikoloji da ke zaune a ofis yana danna waya ba zai zama jakar jini ba ko an hana shi zuwa asibiti. Abin da yake da shi lokaci ne, kuma lokaci shi ne ainihin abin da nas ba ta da shi.

Sannan su masu maganin da kansu sun sa wasa cikin magani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta jinyar yaro mai tsananin tamowa matakai goma ce. Ana farawa da ƙarancin sukari a jini, da sanyin jiki, da bushewar ruwa, a bi ta kan ƙwayoyin cuta da ciyarwa a hankali. Mataki na tara shi ne a motsa hankalin yaro a kuma nuna masa kulawa, har da wasa mai tsari na minti 15 zuwa 30 kowace rana. Yana nan a rubuce kusa da madara da maganin rigakafin ƙwayoyi. Wa ke yin sa a ɗakunanmu? Shi ne matakin da aka fi tsallakewa, saboda ba shi da mai shi. A Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, Farfesa Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara masu tsumburewa a unguwannin talakawan Kingston, ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar wasu daga cikinsu mako-mako tsawon shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da yaran da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. A gida aka yi wannan, ba a gadon asibiti ba, amma ya isa ya rufe bakin mai cewa wasa wasa ne.

Ku kuma tuna da 'yan sikila. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Ba wanda ke karanta wannan rubutu da bai san gida ɗaya ba. Yaron sikila ba baƙon asibiti ba ne, zai dawo, ya sake dawowa, wata shekarar sau biyar. In kwanciyarsa ta farko danniya ce da ƙarya, to ya ɗauki tsoron da zai bi shi har girma, kuma shi ne saurayin da zai ɓoye ciwo gobe har sai ya kai inda ba a so. Lokacin da nake jinyar ɗan yayata, mai irin wannan lalura, na ga wata dattijuwar nas ta yi abin da ya tsaya min a rai. Kafin ta taɓa shi sai ta miƙa masa filasta da auduga ta ce ya fara yi wa 'yar bebin yarinyar gadon kusa. Ya shafa sifirit, ya manna filasta, yana ta yi wa bebin faɗa kada ta motsa. Da aka zo kansa ta ce masa, "Zai yi zafi kamar cizon cinnaka, ka ƙirga goma da ni." Ya yi kuka, amma ya miƙa hannun da kansa, kuma sau ɗaya aka samu jijiya. Duka bai kai minti biyar ba. Ba ta taɓa jin sunan Emma Plank ba, na tabbata. Washegari ba ita ke aiki ba, aka koma danniya.

Haka masu ƙuna. Da sanyi ya shigo za ku ga yaran da suka faɗa ruwan zafi, ko kunu, ko man suyar ƙosai da awara. Wankin ciwon ƙuna kullum ne ko bayan kwana biyu, kuma yaro yakan fara ihu tun daga jin ƙarar keken kayan aiki a baranda. Wasu iyayen ba kuɗi kaɗai ke sa su sa hannu su ɗauke ɗansu kafin a sallame shi ba, zuciya ce ta kasa jure kallon, sai a koma gida a shafa abin da aka samu.

Ba sai a ƙasar Turawa ake iya wannan ba. A Eldoret ta ƙasar Kenya, asibitin koyarwa na Moi yana da sashen da ke wannan aiki, wanda ya taso daga haɗin gwiwarsu da Jami'ar Indiana. A nan gida ma, asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, cutar nan mai zaizaye baki da fuska, wanda aka buɗe a 1999 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, bai tsaya ga tiyata kaɗai ba, yana da masu kula da hankalin yaran da iyayensu. Yaron da aka daɗe ana ɓoye shi a ɗaki saboda fuskarsa, gyaran fata kaɗai ba zai mayar da shi cikin yara ba.

Yanzu ga inda nake so mu yi wa kanmu gaskiya. Muna zuwa asibiti ai. Duk azumi, duk makon ƙungiya, za ka ga an yi anko an ɗauki omo da sabulu da biskit an shiga ɗakin yara mutum talatin. A tsaya a kan gadon yaron da ko ɗaga kai ba ya iyawa, a ɗora masa leda a ƙirji, a yi hoto, kafin a kai bakin get an sa a Facebook da WhatsApp. Allah Ya ba da ladan niyya, sabulun ma yana amfani. Amma wa ya nemi izinin uwar? In ma an nema, mace da ke jiran taimako za ta iya cewa a'a? Za ka yarda a sa hoton ƙanwarka da robar fitsari a shafin ƙungiya? Abin da nake kira gare shi kishiyar wannan ne: mutum kaɗan, kullum, tsawon watanni, waya a aljihu.

Kuma ɗakin yara ba wurin da za a saki ɗalibi ba ne don kawai yana da kirki. Akwai ƙyanda, akwai tarin fuka, akwai sanƙarau, mashaƙo ma da muka ɗauka ya tafi ya dawo da ƙarfi a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022. Abin wasa ɗaya da ya bi hannu biyar ba a wanke ba ya isa ya kai cutar gado na ɗaya zuwa gado na goma, ko ya bi ka gida wajen ƙannenka. Dole kayan su zama masu wankuwa, a tsoma su a ruwan bilic bayan kowane yaro, wanda ba ya wankuwa kuma ya zama na yaro ɗaya ya tafi da shi. Mu 'yan garin Ladi Kwali ne, matar da laka ta kai hotonta kan naira ashirin, kuma ba yaron da bai taɓa gina saniyar laka ba, amma lakar rafi ba ta shiga inda ake da buɗaɗɗen ciwo. Wannan irin abin ne ɗalibi ba zai sani ba sai an gaya masa.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Ka sa farar riga kwana uku, tsohuwa ta ce maka "likita", kanka ya fara kumbura, ka fara fassara sakamakon gwaji da abin da ka gani a Google, ko ka ce wa uwa "in sha Allahu ba komai, gobe za a sallame ku" alhali likita ya san ba haka ba ne. Akwai sirrin mutane: a garin da kowa ya san kowa, ka ga fayil ɗin ɗan maƙwabcinku ka ga abin da iyayen ba su gaya wa kowa ba. Akwai ƙa'idar da ba ta da togaciya, cewa ba a keɓewa da yaro inda ba idon uwa ko na ma'aikaci, kai ko wane ne. Sannan akwai mutuwa. Yaron da kuka yi zane tare ranar Laraba, ka zo Alhamis ka tarar an naɗe katifar. Ɗan shekara ashirin da ɗaya da bai taɓa ganin haka ba yana buƙatar babba da zai zaunar da shi ya saurare shi, in ba haka ba ko dai ya gudu a mako na uku, ko zuciyarsa ta bushe, kuma na biyun ya fi muni.

Shi ya sa Amurkawa suka kafe a kan awa 4,000 na mai dubawa. Mu ba mu da mai wannan shaida a kusa, amma muna da mutum uku da in aka haɗa su za su toshe mafi yawan ramin. Akwai matiron ɗin ɗakin yara, wadda ta san cuta da tsabta da abin da ba a taɓawa. Akwai jami'in jin daɗin marasa lafiya, wanda manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Gwagwalada ke da sashensa, duk da cewa yawancin lokacinsa neman wa marasa hali kuɗin magani ke cinye shi. Akwai kuma malaminka na sashe, wanda ya san girman yaro mataki-mataki, in har zai yarda ya riƙa zama da ku ko sau ɗaya a mako biyu, ko ta waya ce, maimakon ziyara ɗaya ta sa hannu. Tun da aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin soshiyal wak ta ƙasa a ƙarshen 2022, masu wannan fanni ma suna da hujjar neman a ɗauki fil-wak ɗinsu da muhimmanci.

Kada wanda ya yi wata shida a haka ya fito yana kiran kansa ƙwararre. Ɗalibi ne da ya koyi wani abu. Kuma kada in yaudare ku, ba za ku ga an tallata gurbin aiki da wannan suna a Minna ba. Alawus ɗin SIWES da aka daɗe ana biyan ɗan jami'a naira 15,000 ne na wata shidan gaba ɗaya, wanda yanzu ko kuɗin motar Abuja na wata ɗaya bai kai ba. A nan ma ɗan Suleja riba yake da ita in ya tsaya gida: Babban Asibitin Suleja da cibiyoyin lafiya na unguwanni tafiyar Keke Napep ce, ka ci tuwon gidanku, ka kwana a ɗakinka. Abin da za ka fita da shi kuma ana nemansa. Ƙungiyoyin da ke aikin tamowa da na 'yan gudun hijira a Arewa suna ɗaukar masu kula da hankalin yara, makarantun yara masu buƙata ta musamman ma haka, kuma a gaban masu intabiyu, wanda zai iya bayyana yadda ya shirya ɗan shekara biyar shiga tiyata ya sha gaban wanda ya ce ya yi wata shida a ma'aikata kaza yana "taimakawa a ofis".

Wani abu kuma da muke da shi wanda baƙo ba zai zo da shi ba, harshe. Ɗakin yara a Suleja za ka ji Hausa, da Gbagyi, da Koro, da Nufanci, da Fulatanci, da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, duk a layi ɗaya. Likitan da ke bautar ƙasa wataƙila daga Kudu aka turo shi. Bafulatanar da ta zo daga ruga da ɗanta za ta ce "to" ga duk abin da aka faɗa mata, don kunya, ta fita ba ta fahimci ko ɗaya ba. Ɗalibar da za ta durƙusa ta ce mata "Inna, kin gane abin da ya ce?" da harshenta, ta kuma yi wa yaron tatsuniyar da ya saba ji a gida, ta yi aikin da babu na'urar da za ta yi. Sai dai ko a fassarar ma, abin da likita ya faɗa za ki faɗa, ba ƙari ba ragi.

Ga masu son gwadawa a wannan zangon, kada kowa ya tafi shi kaɗai da takardarsa. Ku haɗu ku huɗu, maza da mata, domin akwai uwayen da ba za su sake da namiji ba, akwai kuma yara maza 'yan sha biyu da ba za su yi wa mace maganar wasu abubuwa ba. Ku fara samun malami ɗaya a sashenku da zai sa sunansa, sannan kodinetan SIWES ko na fil-wak ya tabbatar makaranta za ta karɓi wurin, kada ku gama a ce bai shiga maki ba. Ku rubuta a shafi ɗaya abin da za ku yi da abin da ba za ku taɓa yi ba: ba allura, ba magani, ba bayanin sakamako, ba hoto, ba keɓewa da yaro. Ku duba katin rigakafinku kafin ku shiga, musamman na ciwon hanta. Mako biyun farko kallo ne kawai da wanke hannu da koyon sunayen yara. Log-buk kuma a cika shi kullum kafin a bar asibiti, ba tare da sunan yaro ko na unguwarsu ba.

Takardar ta fara biyawa ta hannun matiron kafin ta je ofishin shugaban asibiti, ku je da kanku ku gaishe ta, ku ce "Mama, ga abin da muke so mu koya a wajenki." Ita za ta zauna da ku wata shida. In ta ce ɗakinta mutum biyu kawai zai ɗauka, biyu da safe ke nan, sauran biyun su karɓe su da yamma.